Cittar Kudancin Kaduna da ƙa'idar da masu talla ke tsallakewa

Daga gonakin Kachia da Kwoi ake ɗora buhunan busasshiyar citta zuwa kasuwanni irin na Kafanchan. Wani kaso nata kan ƙare cikin kwalabe a ofisoshin Abuja, ana tallarta ga ma'aikata da sunan maganin hawan jini da ciwon suga, har ana jingina ta da naturopati.

Wannan fanni na jinya da tsirrai, abinci da motsa jiki, wani Bajamushe mai suna Benedict Lust ne ya yaɗa shi a Amurka a farkon ƙarni na 20. A 1989 ƙungiyar masu sana'ar a can ta amince da ƙa'idoji shida. Daga ciki akwai yarda cewa jiki na iya warkar da kansa, da neman tushen cuta, da rigakafi.

Wadda masu talla suka fi tsallakewa ita ce kada a cutar da majinyaci. Bincike ya nuna citta na rage tashin zuciya, musamman ga masu juna biyu, amma babu hujjar cewa za ta maye gurbin ƙwayoyin hawan jini. Likitoci ma na jan kunnen masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin kan yawan shanta.

Lambar NAFDAC da ke jikin yawancin kwalaben kuwa shaidar jeri ce bayan gwajin illa. Hukumar ba ta tabbatar da iƙirarin warkarwar ba.