Koci OBJ na Samaru da yaron da ya kai kofi Kanada

A shekarun 1960 Amurka tana turo matasanta aikin sa-kai a ƙasashen Afirka ƙarƙashin shirin Peace Corps, wanda shugaba John Kennedy ya kafa a 1961. Shekara biyu aka saba yi, mutum ya tattara nasa-ya-nasa ya koma gida. Cikin waɗanda suka zo akwai Oliver B. Johnson, baƙar fata ɗan Amurka mai koyar da ƙwallon kwando. Shi bai koma ba. Zazzau ta riƙe shi, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru shekara fiye da 40, har cikakken sunansa ya ɓace a bakin mutane, yara da manya sai dai Koci OBJ.

Aikinsa horar da ɗaliban jami'a, amma filin bai zama na ɗalibai kaɗai ba. Yaran gari da 'ya'yan ma'aikata suna zuwa, kuma ba ya korar su. A nan alherin mutumin yake. Wanda aka ba shi fili da albashi yana iya cewa wannan ba huruminsa ba ne, babu mai ganin laifinsa. Shi kuwa sai ya tsayar da yaro, ya nuna masa yadda ake riƙe ƙwallo, yadda ake dasa ƙafa, yadda ake jefawa a kwando, gobe ma a sake. A garin da kowane yaro ƙwallon ƙafa ya sani, haka aka samu zuriya bayan zuriya ta 'yan kwando, wasu har suka sa rigar Najeriya.

Ɗaya daga cikin yaran nan shi ne Masai Ujiri. A Ingila aka haife shi a 1970, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa likita 'yar Kenya, suka dawo da shi Zariya yana ƙarami. Ƙwallon ƙafa ya fara, sai yana ɗan shekara 13 kwando ya shiga ransa. A lokacin babu intanet. Mujallun Amurka da kaset ɗin bidiyo na wasannin NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, su ne tagar da yara ke leƙawa su ga Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya yi suna a Houston. Kallo a kaset, koyo a hannun Koci.

Masai bai zama tauraro a fili ba. Ya tafi Amurka karatu, ya buga wa wata ƙaramar kwaleji a Bismarck, jihar Dakota ta Arewa mai sanyin tsiya, tare da abokinsa Godwin Owinje. Daga nan ya yi 'yan shekaru yana buga wa ƙananan kulob-kulob a Turai, NBA ba ta neme shi ba. A 2002 ya raka wani matashi ɗan Najeriya gwaji a kulob ɗin Orlando Magic. Suka ga ya san 'yan wasa, suka ce ya riƙa zaƙulo musu masu hazaƙa, amma ko sisi ba za su biya ba. Ya amsa. Da kuɗinsa yake sayen tikiti, a ɗakin abokai yake kwana. Ni dai ina ganin wanda ya tashi a gaban mai aiki don Allah ba ya jin nauyin fara aiki ba lada a hannu.

Bayan shekara guda Denver Nuggets ta ɗauke shi da albashi. A 2010 ya zama babban manajan kulob ɗin, ɗan Afirka na farko da ya hau irin wannan kujera a manyan wasannin Amurka, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon manajoji na NBA, shekarar kuma ya karɓi ragamar Toronto Raptors. Ranar 13 ga Yunin 2019 Raptors ta doke Golden State Warriors, kofin NBA ya tsallaka Kanada karo na farko a tarihi. Cikin 'yan wasan akwai Pascal Siakam na Kamaru da Serge Ibaka na Kongo. Duk inda aka tambayi Masai asalinsa, Zariya yake ambata, kuma ba ya ɓoye sunan kocinsa.

Mu da ke kudancin kogin Kaduna mun san mutane irin Koci OBJ. Da can masaƙu ne ke riƙe da wasanni. Daga kulob ɗin masaƙar UNTL Rashidi Yekini ya fara, kafin ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994. Da masaƙun Kakuri suka rufe, nauyin ya koma wuyan mutanen unguwa. A Kudenda da Nasarawa za ka ga magidanci ya taso daga aiki a gajiye, ya rataya usur, ya sayi ƙwallo da kuɗin cefanensa, ya bi gida-gida yana roƙon iyaye su bar yaro ya zo atisaye. Yara su ce masa Koci, shi ke nan ladansa na duniya. Idan yaron ya yi suna a yi ta kiran kulob ɗin Turai da ya saye shi, a manta wanda ya fara ɗaura masa takalmi. Wannan yana yi mini ciwo.

Masai bai jira ya yi arziki ba kafin ya rama alheri. Tun a 2003, yana sabon ma'aikaci, shi da Owinje suka kafa ƙungiyar Giants of Africa. Suka fara da sansanin horo a Najeriya, ɗaya a Arewa don zaratan matasa 50, ɗaya a Kudu don dogayen 'yan wasa, ana ba yara riga da takalmi, ana haɗa masu ƙoƙari da makarantun Amurka. A 2021 ƙungiyar ta ɗauki alkawarin gina filayen kwando 100 a faɗin Afirka, a watan Agustan 2023 kuma ta tara matasa maza da mata daga ƙasashe 16 a Kigali, babban birnin Ruwanda, don bikin cikarta shekara 20.