Garin Nags Head da Buƙatunsa a Gaban Majalisar Dokokin Jiha

Nags Head ƙaramin gari ne a gundumar Dare ta jihar Karolina ta Arewa a Amurka, kuma yana zaune a kan siririn zirin yashi da ya raba tekun Atlantika da ruwan da ke kwance a bayansa, cikin jerin tsibiran da ake kira Outer Banks. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna cewa mazaunansa na dindindin sun ɗan haura mutum 3,000 ne kawai, amma a watannin zafi baƙi masu zuwa hutu kan ninka wannan adadi sau da yawa, ta yadda hanyoyi da ruwan sha da 'yan sanda da masu ceton waɗanda teku ta ja, duk sai an tanade su daidai da bukatar babban birni. Magajin gari da kwamishinoni huɗu ne ke tafiyar da garin, kuma kamar sauran garuruwan gaɓar tekun jihar, suna da jerin abubuwan da suke son majalisar dokokin jiha ta yi musu, wanda suke miƙa wa wakilansu kafin zama ya kankama a Raleigh, babban birnin jihar. Wanda ya duba irin wannan jeri da kyau zai ga cewa neman izini da kāre hanyoyin samun kuɗin da garin ke da su sun fi roƙon kyauta yawa a cikinsa.

Dalilin haka yana cikin tsarin mulkin jihar. A Karolina ta Arewa, gari ba shi da wani iko sai wanda majalisar dokokin jiha ta ba shi, ƙa'idar da ake dangantawa da wani alƙalin jihar Iowa mai suna John Dillon, wanda ya bayyana ta a shekarar 1868. Saboda haka, idan gari yana son ɗora sabon haraji ko sauya yadda ake kashe wanda ake karɓa, dole ne ɗaya daga cikin 'yan majalisar wakilai 120 ko sanatoci 50 na jihar ya gabatar masa da ƙuduri na musamman, sannan ya samu goyon bayan abokan aikinsa, waɗanda mafi yawansu ke wakiltar birane da ƙauyukan da ke nesa da teku. Mai karatu a Nijeriya, wanda ya bi taƙaddamar asusun haɗin gwiwa tsakanin jihohi da ƙananan hukumomi har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, ba zai ji wannan dangantaka baƙuwa ba, ko da yake a can gari ne ke karɓar harajin gidaje da kansa, kuma rigimar ta fi karkata ga abin da aka yarje masa ya yi da shi.

Yashi na cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin Nags Head. Igiyar ruwa da guguwa suna zaizaye gaɓar garin kowace shekara, musamman ɓangarensa na kudu, kuma jihar ta rufe hanyar da mutum zai fara tunani a kai, wato gina katangar siminti ko jibge duwatsu, domin hukumar kula da albarkatun gaɓar teku ta hana hakan tun 1985, majalisa kuma ta mayar da hanin doka a 2003, bisa hujjar cewa katanga tana kāre gidan da ke bayanta ne amma tana ƙara cinye yashin da ke gabanta da na maƙwabta. An ɗan sassauta dokar a 2011 aka yarda da gina shinge huɗu a bakin mashigin ruwa, aka ƙara zuwa shida a 2015, sai dai wannan bai shafi doguwar gaɓa irin ta Nags Head ba. Abin da ya rage shi ne a kawo jiragen ruwa masu zuƙo yashi daga ƙasan teku, a tura shi ta manyan bututu a shimfiɗa a gaɓa, aikin da kowa ya san ba ya dawwama, tunda tekun da ta kwashe na farko za ta kwashe na biyu.

Majalisar dokokin tarayya ta amince da irin wannan aiki ga gundumar Dare tun shekarar 2000, amma ba ta taɓa ware kuɗin gudanar da shi ba, kuma a 2006 masu zaɓe a gundumar suka soke ƙarin harajin sayayya na kashi 1 cikin ɗari da aka ɗora domin yashi. Daga ƙarshe garin ya ɗauki nauyin da kansa a 2011, inda aka zuba yashi kimanin mita kubik miliyan 3.5 a gaɓa mai tsawon kilomita 16, a kan kuɗi wajen dala miliyan 36. Kusan rabin kuɗin ya fito ne daga harajin kwanan baƙi, wato kashi 6 cikin ɗari da a yanzu ake ɗorawa a kan kuɗin hayar ɗakin otal ko gidan hutu a gundumar, wanda kashi 2 daga ciki ke shiga asusun gyaran gaɓa kai tsaye. Sauran kuma rance ne, wanda aka biya ta hanyar ƙara harajin gidaje, kuma masu gidajen da ke fuskantar teku suka ɗauki kaso mafi nauyi ta wata shiyyar haraji ta musamman da doka ta ba gari damar shatawa. Guguwar Irene ta auka wa yankin a watan Agustan wannan shekara tun aikin bai kammala ba. A 2019 aka sake zuba yashi a kan fiye da dala miliyan 40, kuma hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ta biya wani kaso a madadin abin da guguwar Matthew ta kwashe a 2016, abin da ya yiwu ne kawai saboda gaɓar ta riga ta zama aikin da injiniyoyi suka tsara kuma ake kula da shi.

Daga nan ne buƙatar da garuruwan gaɓar tekun jihar suka fi maimaitawa ta taso, wato jiha ta keɓe wata kafar kuɗi da za ta riƙa shiga asusun yashi kowace shekara ba tare da an sake roƙo ba. Majalisa ta kafa asusun rage ɓarnar guguwa a gaɓar teku a 2017, amma ba ta haɗa shi da wani haraji ba, sai dai ta zuba masa kuɗi a shekarar da ta ga dama, alhali asusun yashe mashigan jiragen ruwa da aka kafa a 2013 yana samun kaso daga kuɗin rajistar jiragen ruwa da harajin mai. Bambancin yana da girma ga garin da ke tsara rance na shekaru biyar ko shida, domin mai ba da bashi ba ya lissafi da alkawarin da ka iya sauyawa bayan zaɓe. Hujjar garuruwan ita ce gaɓar ta jama'ar jiha ce baki ɗaya, kuma baitulmalin jiha na cin moriyar harajin da baƙi ke biya. 'Yan majalisa na cikin ƙasa kuma suna tambayar dalilin da zai sa manomi a yammacin jihar ya biya kuɗin kāre gidajen haya na masu hali, waɗanda da yawansu ma ba mazauna jihar ba ne. Tambayar ba ta banza ba ce, kuma garuruwan ba su cika amsa ta kai tsaye ba.

Shari'ar gidajen titin Seagull ta nuna cewa rashin iko na iya fin rashin kuɗi ciwo. Bayan wata guguwa a watan Nuwamban 2009, wasu gidaje a kudancin garin suka wayi gari a tsakiyar gaɓa, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsu, sai garin ya umarci a rushe su a matsayin abin da ke tare wa jama'a hanya. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta yanke cewa jiha ce kaɗai ke da hurumin kāre haƙƙin jama'a a gaɓar teku, gari ba shi da shi, hukuncin da ya jefa shakku har a kan ƙananan dokoki irin na hana barin laima da kujeru a gaɓa cikin dare. Sai da majalisa ta yi doka a 2013 kafin garuruwa suka samu wannan iko a rubuce, kuma Nags Head ya ƙare da sayen wasu daga cikin gidajen da kuɗin jama'a domin rufe shari'ar.

Wani ɓangare na jerin buƙatun kuwa na kāre abin da ke hannu ne. A 2015 aka gabatar da shawara a majalisar dattawan jihar cewa a riƙa raba harajin sayayya bisa yawan mazauna maimakon inda aka yi cinikin, abin da da ya tabbata yadda aka fara tsara shi, da gundumar Dare, mai mutane kaɗan da ciniki mai yawa, ta yi asara mai tsanani. Haka kuma dokar hana ledar sayayya a Outer Banks, wadda aka yi a 2009 lokacin da Marc Basnight, ɗan gundumar Dare, ke jagorantar majalisar dattawa, an soke ta a 2017 duk da ƙin amincewar Gwamna Roy Cooper da ƙorafin hukumomin yankin, shekaru shida bayan Basnight ya bar kujerarsa. Masu sana'ar baƙi suna kuma sa ido a kan dokar 2004 da ta hana buɗe makarantu kafin ƙarshen Agusta, saboda kowane mako da aka rage daga hutu yana rage kuɗin haya.

Matsalar da ba ta cika samun wuri a saman jerin ba ita ce ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mafi yawan gidajen Nags Head ba su haɗe da babbar magudanar ƙazanta, kowane gida da raminsa na tace bahaya a cikin yashi, kuma idan ruwan ƙasa ya taso saboda yawan ruwan sama da hauhawar teku, ramin ba ya tacewa yadda ya kamata. Garin yana da shirin duba ramukan kyauta da ba da rance mai sauƙi domin gyara, amma aikin magudanai da famfunan janye ruwa ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma tallafin jiha kan bi ma'aunin yawan mazauna da talaucinsu, ma'aunin da ke sa Nags Head ya fito kamar garin da ba ya bukatar taimako. A 2010 kwamitin masana na jihar ya yi hasashen cewa teku na iya hauhawa da kimanin mita 1 kafin 2100, amma a 2012 majalisa ta dakatar da amfani da wannan adadi wajen tsara dokoki na tsawon shekaru huɗu, kuma rahoton da ya biyo baya a 2015 ya taƙaita hasashensa ga shekaru 30 masu zuwa.