Wayarka za ta iya faɗa maka sunan tsuntsun da ka gani a bakin dam

Idan damina ta ɗauke, ruwa ya fara ja baya a madatsun Guzuguzu da Magaga da Pada a yankin Kabo da Gwarzo, za ka ga wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna caccakar taɓo. Da yawansu baƙi ne. Daga Turai suke tsallako Hamadar Sahara wajen Satumba da Oktoba, su koma a Maris ko Afrilu. Cikin ciyayi da bishiyoyin bakin ruwa kuma akwai 'yan mitsi-mitsi masu waƙa, wasu nauyinsu bai wuce giram 10 ba, amma sun sha tafiyar dubban kilomita.

Balbela da zalɓe kowa ya san su. Waɗannan baƙin fa?

Nan Merlin Bird ID take shigowa. Manhaja ce ta kyauta daga Jami'ar Cornell ta Amurka, tana kan Android da iPhone. Ka ɗauki hoto ka saka mata, ko ka amsa tambayoyi kan girma da launi da wurin da ka ga tsuntsun, sai ta jero maka waɗanda take zato. Sauke kundin tsuntsayen yankinmu tun kana gida, don sabis na iya yankewa a bakin ruwa. Tana kuma sauraron kuka, sai dai ta fi ƙwarewa a tsuntsayen Amurka da Turai, don haka ka tabbatar da idonka.

Abin bai tsaya a nishaɗi ba. Cibiyar APLORI da ke Jos tana jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma 'yan sa-kai ne ke tura bayanai ta manhajar BirdLasser. An yanka ƙasar gida-gida, kowane kusan kilomita 9 tsawo da faɗi. Gidan da ba wanda ya leƙa, fari yake zama a taswira, kuma tsuntsun da ba a rubuta ba, ko ya ɓace ba mai lura.

Ka fita da sassafe, ka bar rana a bayanka, ka riƙe abin cajin tafi-da-gidanka. Kada ka kunna kukan tsuntsu don ka jawo shi, wahalar da shi kake yi. Ka nemi izinin masu lambu kafin ka ratsa gonarsu, kuma ku tafi ku biyu ko uku.