Haɗa Lasifika A Gida: Abin Dubawa Kafin A Zuba Jari

AZARE: A garin Azare, hedkwatar masarautar Katagum a Jihar Bauchi, da wuya a yi biki ko wa'azi ko taron siyasa ba a girke lasifika ba. Wannan bukata ta sa hayar kayan sauti ta zama sana'ar da ake ci da ita.

Sai dai kayan da ake shigowa da su daga ƙasashen waje sun yi tsada. Tun daga shekarar 1986, lokacin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira take faɗuwa. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,000 a farkon 2024. Saboda haka masu ƙaramin jari kan sayo kan lasifika kawai daga kasuwar Sabon Gari ta Kano ko ta Alaba a Legas, kafinta ya ƙera akwati, mai gyaran rediyo ya haɗa wayoyi.

Hanyar tana da sauƙin kuɗi, amma arha ba ta ado idan aka yi zaɓen tumun dare. Yawancin masu saye adadin wat ɗin da aka rubuta a kwali suke dubawa, alhali babban adadin nan mai alamar PMPO na talla ne. Wanda ake dogaro da shi shi ne mai alamar RMS, domin shi ke nuna ƙarfin da lasifika za ta jure na tsawon lokaci.

Abin da ya fi wat muhimmanci shi ne yawan ƙarar da lasifika ke fitarwa da wat ɗaya, wanda ake aunawa da desibel. Ƙarin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu. Ke nan lasifika mai desibel 96 za ta yi ƙarar da mai 90 ba za ta yi ba sai an ba ta wuta ninki huɗu. Ga mai aiki da janareta, wannan bambanci kuɗin fetur ne.

Akwati ma ba a ƙera shi da ka. Tun a 1961 injiniya Neville Thiele na Ostareliya ya nuna cewa kowane kan lasifika yana da girman akwati da ramin iska da suka dace da shi. Don haka a nemi ma'aunin da kamfani ya bayar, a yi amfani da katako mai kaurin milimita 18, a kuma toshe duk wata kafa, in ba haka ba amon ganga zai koma kwaramniya.

Wajen haɗa wayoyi, lasifika biyu masu om 8 da aka jona a baki ɗaya sukan koma om 4, huɗu kuwa om 2. Amfilifayar da ba a yi ta don wannan nauyi ba za ta yi zafi ta ƙone, musamman a bazara. Haka nan ƙaramar amfilifaya da aka mure har ƙarshe takan gurɓata sauti, ta ƙone ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririyar murya.

Akwai kuma batun lafiya. Ƙarar da ta wuce desibel 85, idan mutum ya yini a cikinta kullum, tana lalata ji, kuma yaran da ke tsaye kusa da akwatunan su ne a sahun gaba.

Ga mai shirin shiga sana'ar, akwati biyu da aka haɗa bisa ƙa'ida sun fi shida da za su mutu ana tsakiyar bikin mutane, domin wanda aka kunyata ranar ɗaurin aure ba zai sake karɓar haya ba.