Abotar Dabbobi a Littattafan Yara

Littafin yara mai hotuna yakan gina labarinsa kan dabbobi biyu da ba a zaton su shaƙu, kamar kura da akuya. Hoto ne ke ɗauke da rabin maganar. Rubutu zai ce kura ta zo gaisuwa, mai zane kuwa ya nuna yawu na dalala daga bakinta, akuya ta raɓe jikin danga. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba tuni ya gane inda aka dosa.

Salon ba baƙo ba ne. Tatsuniyoyin Gizo cike suke da abokin da ke cin amana, kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara irinsu a jerin Tatsuniyoyi da Wasanni. A Amurka, Arnold Lobel ya fitar da labarin kwaɗi biyu aminai a 1970, ɗaya mai fara'a, ɗaya mai ƙunci. Saɓanin nasu na hali ne kawai, kuma ya fi kusa da abin da yara ke gani a filin wasa.

A Kafanchan, inda mahaɗar jirgin ƙasa ta tara Fantswam, Bajju, Atyap, Hausawa da Ibo, garin da ya ɗanɗana rikici a 1987, irin wannan labari na abota tsakanin mabambanta na da gurbi a aji. Sai dai yawancin littattafan na Turanci ne. Na harsunan yankin, Tyap da Jju, ba su taka kara sun karya ba. Ya kamata marubutan yankin da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya su cike wannan giɓi.