Kan Babur da Lafiyar Wuyan Hannu

Sau da yawa mai babur yakan sauka bayan doguwar tafiya ya ji yatsunsa sun mutu, ya ɗora laifin a kan sanyi. Wani lokaci kuwa matsalar tana ga yadda aka ɗaure kan babur ɗin.

A wuyan hannun ɗan Adam akwai ƙananan ƙasusuwa 8, waɗanda suka kewaye wata ƙuntatacciyar hanya. Ta nan jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu suke bi, tare da jijiyar da ke ɗaukar saƙon ji daga babban yatsa da manuni da na tsakiya. Idan kan babur ya yi nisa ko ya yi ƙasa, mahayi yakan ɗora nauyinsa bisa tafin hannu, wuyan hannu ya tanƙware, jijiyar ta matsu. Girgizar inji kuma takan ƙara tsananta abin. Yatsun da suka mutu kuwa ba sa saurin damƙe birki.

Saboda haka, sai bakanike ya sassauta notocin, ya juya kan har mahayi ya zauna a miƙe, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, wuyan hannu bai tanƙware ba. Sannan ya ɗaure su tamau, ya juya kan dama da hagu, ya tabbata wayar birki ba ta ɗame ba.