Uwargida, Kambas Ba Na 'Yan Makaranta Kaɗai Ba Ne

Yau zancenmu na ƙafa ne. Ki leƙa ƙarƙashin gadon 'yarki mai zuwa sakandare, watakila ki tarar da kambas ƙafa uku ko huɗu, fari da baƙi da mai ratsi, wasu da tambarin Nike ko Adidas, ko da yake yawancinsu kwaikwayo ne. Ke kuwa da kika haura shekara arba'in, silifa ɗaya gare ki, ita ce ta gida, ita ce ta gona, dunduniyarta duk ta cinye.

Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo hanyoyinsa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, aikin mata a wannan yanki bai ƙara yankewa da rani ba. Wata tana tsinkar tumatir, wata tana casar shinkafa, mai gumi kuwa wuni take tsaye a bakin tukunya. Ƙafa ce ke ɗaukar duk wannan. Idan shekaru suka ja, tafin ƙafa yakan ƙara faɗi, kitsen da ke tokare dunduniya ya ragu, shi ya sa takalmin da aka sa miki a lefe yanzu yake matse ki, silifa kuma ba ta hana ki faso da ciwon gwiwa.

Na san abin da ke ranki: kada a ce tsohuwa ta koma yarinya. To, masu faɗin haka ba su za su kai ki asibiti ba. Ki nemi baƙi ko ruwan ƙasa marar ado, zani ya sauka a kansa, babu mai ɗaga ido. Mai tsini kuwa a bar shi sai ranar biki, inda zama ya fi tafiya yawa.

In za ki saya, ko a Kura ko a kasuwar Ƙofar Wambai cikin birni, ki je da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan wuni. Kada ki aiki yaro da tsinke. Ki gwada duka biyun, ki taka, ki bar wurin da ya kai faɗin babban yatsan hannunki a gaba. Marar igiya ya fi, saboda alwala sau biyar; sai dai ki tsane tsakanin yatsu kafin ki sa safa. Ƙafa biyu sun ishe ki, yau wannan gobe wancan, don kowanne ya sha iska.

Amma kada ki shiga ruwan fadama da shi kina zaton ya tsare ki. Ƙwayar tsargiya daga katantanwa take fitowa, ta fata take shiga, yadi ba ya hana ta. Wannan aikin rambut ne. Mai ciwon suga kuma lalle ta zazzage takalminta kafin ta sa, ta duba tafin ƙafarta kowane dare, domin ƙaya na iya sukarta ba ta ji ba.

Ku kuma 'yan makaranta, kafin ku ƙara na biyar, ku tambayi Inna lambar ƙafarta, ku raka ta kasuwa.